Shinkafar da Ta Karye Sau Biyu a Gidan Inna

Maigidana ya faɗa mini maganar ne da safe, yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi ofis, bai ko dube ni ba. Ya ce gwiwoyin Inna sun ƙi, ba ta iya ɗebo ruwa, kuma ƙanensa da ke zaune da ita a Argungu an mayar da aikinsa wani gari, zai tafi da amaryarsa da zarar damina ta faɗi. Ɗakin da muke jibge kaya a gidanmu na Birnin Kebbi, in ji shi, zai ishe ta. Sai ya ɗago kai ya ce, "Amma ba zan kawo ta ba sai kin ce to. Ke za ki riƙa wuni da ita, ba ni ba."

Na ce zan yi addu'a a kai. Shekara goma sha bakwai muna tare, ya san in na faɗi haka a'a ce nake nema wa zane mai kyau.

Inna uwar mijina ce. Ita da Baba, surukina, daga ƙasar Zuru suka zo Argungu tun suna da ƙuruciya, shi yana aikin ma'aikatar gona. Suka zauna a bakin gari cikin maƙwabta Musulmi, har harshenta ya koma na Kabawa tsaf. A wurin matan unguwar ta koyi turara shinkafa, abin da suke kira gumi, ta kuwa fi su iyawa. Sai ta sayo shinkafa mai ɓawo daga garin Gulma, ta wanke, ta jiƙa ta kwana cikin ruwan zafi, ta turara a rabin duro an rufe da buhuna har ɓawon ya tsage, ta shanya, sannan a kai inji a cashe. Shinkafarta takan fito dogo-dogo, ba karyayya ko ɗaya, tana sheƙi.

Sai dai harshe. Ban taɓa ganin mutum mai harshe irin na Inna ba. Muryarta daga tsakar gida ake ji har bakin titi. Ba ta zagin uwa ko uba, ba ta rantsuwa, don mace ce mai zuwa sujada, tana kuma cikin zumuntar matan majami'a tun kafin a haife ni. Abin da take yi shi ne ta dube ka sau ɗaya ta gano inda ka fi jin ciwo, ta ɗora yatsa a daidai wurin, gaban jama'a. Baba kuwa shiru-shiru ne, in ta fara sai ya ɗauki hularsa ya fita. Muna ɗauka gudu yake yi.

Ina da wata uku da aure aka kai ni na yi mata kwana biyu. Lokacin bazara ne, an yanke shinkafar rani, rana kamar ta sauko ta zauna a tsakar gida. Ta turara buhu biyu tun da asuba, ta baza a kan tamfal, ta ce mini, "Za ni kasuwa. Ki lura da shanya." Shi ke nan abin da ta ce.

Ni kuwa na lura iyakar lura. Na zauna da sanda ina korar kaji da awaki, ina juya shinkafar da ƙafa kamar yadda na ga ana yi. Na gama sakandare, na san dai abin da aka shanya so ake ya bushe, to ai gara ya bushe sosai. Na bar ta tun hantsi har la'asar, ina ma jin daɗin yadda take ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Ban san cewa shinkafar da aka turara ba a barinta ta sha ranar bazara gaba ɗaya ba. Kafin rana ta take sai a tattara ta a kai inuwa ta huta, ta ƙarasa bushewa a hankali. In ta sha rana fiye da ƙima, ƙwayar takan tsattsage a cikin ɓawo, ido ba ya gani, sai an kai inji.

Washegari a wurin inji, mata sun yi layi da buhunansu, tamu ta fara zubowa. Tsaki ce zalla, kamar abincin 'yan tsaki. Inna ta cika tafin hannu, ta ɗaga sama don kowa ya gani.

"Ku dibi abin da boko ka yi! Ɗana ya tahi neman mata, ya dawo muna da takarda. Takarda, ko tuwo a allo kika rubuta shi ku ci?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, amma na ji ta har ƙashina. Daga ranar sunana ya zama Takarda a bakinta, a gaban baƙi, a gaban 'ya'yana da suka zo daga baya. Ban mayar mata ko kalma ɗaya ba. Nakan durƙusa in gaishe ta, in kai mata sabulu da atamfa a Kirsimeti, in yi mata addu'a cewa Ubangiji ya canza ta. Amma ban sake kwana a gidanta ba, ban kuma sake taɓa shinkafa mai ɓawo ba. Matan zumuntarmu suna yaba haƙurina, ni ma ina yabawa.

Bayan rasuwar Baba, shekara biyu kafin wannan magana ta maigidana, aka fara kawo mana labari wai Inna ta canza. Matar fastonsu ta faɗa mini a wani taron mata, na yi murmushi na ce mun gode wa Allah. A zuciyata kuwa cewa nake yi tsufa ne da makoki, in sun sake ta za ta dawo. Na yarda Ubangiji yana gafarta zunubi, wannan ban taɓa shakka ba. Amma ya ɗauki mace mai shekara saba'in ya juya ainihin halin da aka haife ta da shi? Da bakina ina roƙon haka, amma ban taɓa sa ran gani ba.

Don haka na ce wa maigida zan je in yi mako guda a can, in na dawo zai ji amsata.

Na shiga mota ranar Talata. Bazara ce kuma, kamar wancan karon. Da muka bi ta wajen Zauro, fadama ta buɗe hagu da dama, wani gefen an yanke, wani gefen yana nan ja kamar zinariya, mutane sun sunkuya da lauje, balbelu suna binsu a baya. Kullum wurin nan yakan sa ni yin shiru. Ranar dai ban iya yabon komai ba.

Tun daga ƙofar gida na ji muryarta tana yi wa wata akuya faɗa. Na ce a raina, to, ga canjin nan. Ta fito tana dogara sanda, ta rame, amma idon nan yana nan, mai ganin komai.

"Maraba, maraba. Kin sha rana. Amarya, kawo ma yayarki ruwa."

Ba ta ce Takarda ba. Na lura da haka, na kuma lura ba ta kira ni da komai ba, kamar wadda ta jefar da suna ɗaya ba ta sami wani ba tukuna.

Amaryar ƙanen mijina yarinya ce siririya mai kunya, a bariki ta tashi, ba ta taɓa ganin yadda ake turara shinkafa ba sai a gidan nan. In Inna ta ɗaga murya sai ta zabura, ko da akuya ake yi wa. Na dube ta na ga kaina.

Ranar Alhamis Inna ta turara buhu guda, tana zaune a kan kujera tana ba da umarni, mu muna ɗagawa da saukewa. Aka baza a tamfal. Da hantsi ta ce in raka ta dubo wata tsohuwa 'yar zumuntarsu da ke kwance a can ƙarshen gari. Ta yafa gyale, ta juyo ta ce wa amarya, "Ki lura da shanya."

Kalmomin nan dai, ba ƙari ba ragi.

Yanzu zan rubuta abin da ban so rubutawa ba. Na ga yarinyar ta ɗauko sanda ta zauna a inuwar bango, na gane sarai abin da ta fahimta da abin da ba ta fahimta ba. Magana ɗaya ce: kafin azahar ki kwashe ki kai inuwa. Na buɗe baki, na kuma rufe. Ina son in gani. Na zo ne don in gwada Inna, ga kuma gwajin ya shimfiɗa kansa a tsakar gida. Na bi bayanta muka fita.

Mun daɗe a can, don tsohuwar ba ta so mu tafi. Sai bayan la'asar muka dawo, muka tarar amarya ta tattara komai ta zuba a buhu ta ɗaure, tana murmushi, ta ce ta bushe ƙarau. Inna ta gaji, gwiwa na yi mata zugi, ba ta duba ba.

Da safen Juma'a aka ɗora buhun a baro muka tafi inji mu uku. Injin nan ne dai, sai dai yanzu ɗan mai shi ne ke kula da shi, mutum mai barkwanci da duk matan unguwa ke wasa da shi. Aka zuba tamu. Ta fara zubowa tsaki.

Mai inji ya kashe injin, ya leƙa, ya kama baki. "Iye! Inna, wannan taki ce ko ta aro? Wa ya yi wannan aika-aika?" Ya dubi amarya, ya ga yadda ta daskare, ya gane. "Amarya, in kina da gudu, yanzu ne lokacinsa. Ku matsa, jama'a, ku ba Inna fili."

Matan layi suka yi dariya suka gyara tsayuwa. Wasunsu sun san Inna shekara arba'in, sun san abin da ke tafe.

Inna ta sa hannu ta ɗebo. Ina tsaye dab da ita, don haka na ga abin da sauran ba su gani ba. Na ga fushin ya taso mata. Jijiyar wuyanta ta miƙe, hancinta ya buɗe, ta ja numfashi irin wanda take ja kafin ta saki magana. Na ma ga ta sami maganar, don gefen bakinta ya motsa kamar yadda yakan yi in ta samo mai zafi. Yarinyar ta runtse ido.

Sai Inna ta damƙe sandarta da hannu biyu har yatsunta suka yi fari. Leɓɓanta suna motsi ba sauti. Ba zan ce ga tsawon lokacin ba, amma ya isa a ji kukan kurciya a kan bishiyar darbejiya, ya isa dariyar matan ta mutu da kanta. Zufa ta keto mata a goshi kamar mai ɗaukar dutse. Ban taɓa ganin ana kokawa a tsaye wuri ɗaya ba sai ranar.

Da ta buɗe baki, muryar nan ce dai, mai kaiwa bakin titi.

"Kai, mai inji! Wa yab ba ka izinin yi ma ɗiyata dariya? Ni na turara, ni na shanya, ni nit tahi yawo ban koya mata komi ba. In dariya kaka so, ga ni, yi mani. Yi mana! Kunna injinka ka ƙare aikinka, tuwo muka so, kuma tuwo tsaki shika so."

Mai inji ya ɗaga hannu biyu. "Tuba nake, Inna, tuba nake." Matan suka sake dariya, amma yanzu shi ake yi wa. Wata Hajiya maƙwabciyarta, wadda na san sun yi shekaru ba sa ga maciji, ta dafa kafaɗar amarya ta ce, "Share hawayenki, ɗiyata, kowa da haka ya fara."

Ni kuwa tsikar jikina ce ta tashi. Na ji kamar in cire takalmi. Wurin ƙura ne da dusa da warin man inji, amma na san wani ya tsaya a tsakaninmu ya riƙe abin da shekara saba'in ba wanda ya iya riƙewa.

Da muka koma gida, amarya ta shiga ɗaki. Inna ta zauna a kan turmi da aka kifa, tana haki. Ta ce, "Ke, zo nan."

Na zo na durƙusa.

"Tashi. Zamna bisa kujera. Ni ya kamata in durƙusa, gwiwa ta hana." Ta sunkuyar da kai. "Na cuce ki. Ranar nan ga inji, da duk ranakkun da sunka biyo. Ke kin sani, ni na sani. Ki yahe mani."

Haka ta faɗe shi, a tsaye, kamar mai ba da umarni. Sai ta ci gaba, ta ba ni labarin da ban sani ba.

A zaman makokin Baba, in ji ta, mutane suka yi ta zuwa, Kirista da Musulmi, kowa ya zauna sai ya ce marigayi mutumin kirki ne, ranar da kika yi mini kaza, da yamma ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Mai nama ya faɗa. Hajiya ta faɗa. Wani dattijon ikilisiya ya faɗa. Ashe duk fitar nan da yake yi da hula a hannu, ba gudu ba ne. Bin sawunta yake yi gida-gida yana roƙon gafara a madadinta, shekara arba'in da wani abu, bai taɓa gaya mata ba.

"Sai nic ce ma matar fasto, to yanzu da ya tahi, wa za ya bi bayana? Tac ce mani, Inna, akwai wanda yad daɗe yana yin haka tun kahin mijinki, kuma shi ba hula yac cire ba, ransa yab bayar. Wannan magana na san ta tun ina yarinya. Ranar nij ji ta."

Daga nan ta fara bin gidajen da ƙafarta. Kuma a majami'arsu, kamar tamu, ba a tashi a karɓi Jibin Ubangiji in akwai wanda ka ɓata wa ba ku shirya ba. Da can takan tashi abinta, don a ganinta gaskiya take faɗa wa mutane. Tun bayan makokin ba ta sake tashi ba. Shekara biyu tana zaune a benci ana wuce ta da gurasa da ƙoƙo, tana rage gidajen ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kaɗai kinka rage. Ba a yin wagga magana ta waya. Kuma in kun zo, kina gaisuwa kina kallon ƙohwa."

Na tambaye ta, da murya ƙasa-ƙasa, ko fushin ya tafi ke nan.

Ta yi tsaki. "Ina hwa ya tahi? Ba ki gani ba ɗazu? Na roƙi Ubangiji ya cire mani shi, bai cire ba. Kullum sai ya taso. Da can in ya taso ni ka bin shi. Yanzu in ya taso sai in ce, Ubangiji, ga shi nan kuma, riƙe. Wata rana in riga shi, wata rana ya riga ni, in koma in ba da haƙuri. Jiya ma sai da nib ba akuya haƙuri."

Na yi dariya ina kuka. Na ce na yafe, kuma da na faɗa sai na ji ashe ban taɓa yafewa ba sai lokacin. Shekara goma sha bakwai ina ajiye da ranar nan a wuri mai kyau, ina share mata ƙura, ina kiran abin haƙuri.

Sai na faɗa mata abin da na yi jiya, yadda na ga yarinyar ba ta gane ba na yi shiru don in gwada ta. Inna ta dube ni da idon nan. Na ga ya sake tasowa. Ta damƙe sandar, ta ja numfashi, ta sauke.

"To," ta ce. "Ga ɗakinta can. Ba ni zan bi bayanki ba."

Na shiga na faɗa wa amarya. Ya yi mini wuya fiye da yadda na zata, ni da ake cewa mai taushin zuciya. Ta ce, "Yaya, da kin faɗa mini." Na ce haka ne, da na faɗa. Sai can da yamma, muna tuƙa tuwon tsakin nan, ta miƙo mini muciya ta ce hannunta ya gaji, in karɓa. Na karɓa.

Ranar Asabar Inna ta sa aka turara kwano huɗu kawai, ta zaunar da mu biyu a tsakar gida. Rana na ɗagawa ta ce kowa ta ɗauki ƙwaya ta murje ɓawon ta ciza. In ta nutse a haƙori, da saura. In ta fashe kamar gilashi, an makara. Akwai wani wuri a tsakani, inda take ƙin haƙori kaɗan sannan ta ba da kai, nan ake kwashewa a kai inuwa. Sau shida tana sa ni cizawa. "Ba haka ba! Ke, da haƙorin gaba, ba turmi ba!" Sai ta tsaya, ta sassauta. "Sake dai, ɗiyata."

Ranar Lahadi aka yi Jibin Ubangiji. Da aka zo layinmu, Inna ta kama hannuna ta yunƙura, gwiwoyin suna ƙara. Matan zumunta suka juyo suna kallo, matar fasto ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta. Hannun Inna yana kan nawa, hannun nan mai kaushi da duro ya ƙona sau ba adadi. Ta karɓa, ni ma na karɓa, amarya tana gefenmu.

Muna fitowa na kira maigida na ce a fitar da kayan ɗakin nan a share, a kuma nemo mai gyaran taga.

Yanzu shekararta uku a wurinmu. In an tambaye ni ko mutum yana canzawa har can ciki, ban san yadda zan amsa a gajarce ba. Maƙwabtanmu na Birnin Kebbi duk sun san muryarta. Idonta bai daina gano inda mutum ke ciwo ba, sai dai yanzu in ta gano, can take kai abinci. Ita ta fara lura matar da ke haya a bayanmu ba ta hura wuta kwana biyu, ita kuma ta je ta tsaya wa wata gwauruwa da dangin miji suka so kora, ta yi magana har mai unguwa ya fito. Wata rana kuma fushin yakan riga ta, ta faɗa wa ɗiyata ko ni maganar da ke sa mutum ya ajiye cokali. Sai in ji sandarta tana tafe a hankali zuwa ƙofar kicin, ƙwas, ƙwas, ta tsaya.

Jiya ma ta zo. Na ce, "Inna, ai ba komai."

Ta ce, "Da komi. Tsaya in hwaɗi, kada ki katse ni."

Na ajiye ludayi na tsaya.